Minti na Biyar

Malam Cifuentes ya ce: minti bakwai,
ku ba ni tsoro, ku kawo ran Talata.
Ya ce dodon da aka gani duka ya gama aiki,
ku nuna inuwa, ku ɓoye mai ita.
Na rubuta, na ja layi biyu a ƙasa.

Mako uku ina kwana gaban finafinai,
yatsana a kan madannin tsayarwa,
ina ƙirga daƙiƙu tsakanin shiru da ihu.
Na feɗe su kamar kaza:
a karkata kyamara kaɗan, ciki ya juya;
a bar fili a bayan kafaɗar yarinya,
ido da kansa zai zuba abin da yake gudu.
Akwai wani gurnani can ƙasa
wanda kunne ba ya kamawa,
haƙarƙari ne ke ji.

Nahuel ya zo da seleri daga kasuwa,
ya karya a bakin makirfo, sai ga ƙashi.
Jininmu zuma ne da jan kala da ɗigon kofi,
ƙudaje suka raka mu har ƙolin tudu.
Maite ta sa farar riga ta tsaya a matakala,
hazon teku ya hau Valparaíso kyauta,
karnukan layi suka yi haushi ba ladan kowa.

Daren Lahadi na kai wa Kaka Eduvigis
tana ɓarar wake a kicin.
Na aje kwamfuta kusa da kwano, na ce kalla.
Da fuska ta ɓullo a madubi
dariya ta yi har da tari:
"Ba 'yar mai gidan burodi ba ce? Ku ba ta abinci."
Da ƙashi ya karye ko ɗagowa ba ta yi ba:
"Seleri ne. An yi asarar miya."

Sai minti na biyar.
Ba komai a ciki, cikon giɓi ne:
titi, dare, fitila ɗaya,
da sautin da Nahuel ya ɗauka bisa kuskure,
mota ta tsaya a ƙofar gida
ba a kashe injin ba.
Murfi ya buɗe. Wani. Wani. Wani.
Takalma a kan dutse, ba sa sauri.

Wake ya watse daga cinyarta.
Matar da sai da sanda take miƙewa
ta kai ga makunnin wuta kafin in kifta.
Duhu.
Ta manne da bango nesa da taga,
tafinta a kan bakina, yana warin ɓawo,
ina jin zuciyarta a cikin yatsunta.

"Huɗu ne," ta ce a kunnena.
"Ran nan ma huɗu ne."

A falo hoton ƙanenta Aurelio yake rataye,
shekara ashirin da uku, da gashin baki sabo.
Tun ina rarrafe nake wuce shi,
ban taɓa tambayar me ya sa bai tsufa ba.

An ce wanda maciji ya sara
in ya ga tsumma sai ya gudu.
Ni ce na kawo tsumman har kicin,
na daidaita masa sauti, na ƙara ƙarfi.

Muka tsince waken a durƙushe
da hasken allo kawai.
Ba ta ce komai ba, ni ma haka.
Ɗaya ya shige ƙarƙashin firij, muka bar shi.

Ran Litinin na yanke motar.
Ran Talata aji ya yi tsalle inda ya kamata,
Maite ta rufe ido don ganin kanta.
Malam ya ba ni biyar cikin bakwai,
ya rubuta da jan biro a gefe:
"Hannu ya iya. Amma ina tsoron?"

Yana cikin wani fayil marar suna,
daƙiƙa arba'in da ɗaya,
injin har yanzu a kunne.